Isyaku Mai Harawa da Dawakinsa

A unguwar Dala, cikin lungun da ya gangaro daga gindin dutse ya nufi Ƙofar Mazugal, akwai wani dattijo da ake kira Isyaku Mai Harawa. Sana'ar ce ta ba shi sunan. Tun yana saurayi yake zama a rumfa ɗaya yana sayar wa masu kiwon tumaki a gida harawa da dusa da kanwa, har gemunsa ya yi fari a wurin. Dogo ne siriri, ba ya son hayaniya, kuma in yana magana da kai sai ka ga kamar rabin hankalinsa yana wani wuri. Waɗanda suka san shi sun san wurin: wani kango ne a bayan gidansu, gadon mahaifinsa, inda yake ajiye dawakinsa.

Birni ba ya rasa masu doki, amma kowa ingarma yake ɗaurewa a turke shi kaɗai, a ba shi hatsi, a wanke shi, a fito da shi kilisa da yamma. Goɗiya kuwa, a wurin mutanen birni, dabbar ƙauye ce. Isyaku ya saɓa wa kowa. Mahaifinsa ya taɓa yin fatauci zuwa Damagaram ya dawo da wata goɗiya, kuma zuriyarta ce Isyaku ya riƙe. Ya gyara katangar kangon, ya yi rumfar kwano a gefe guda, ya sake su suna yawo tare. Ba ya ɗaure ko ɗaya sai in za a yi masa magani ko a gyara masa kofato.

Idan aka yi masa dariya, sai ya ce, "Ku da kuke ɗaure shi shi kaɗai, kun taɓa tambayar kanku me ya sa yake cizon turke? Kewa ce take cinsa."

Babbarsu ita ce Gunya, jikar waccan ta Damagaram, tsohuwa mai launin ruwan madara. Ita take fara shan ruwa. In ta kwantar da kunnuwanta baya, kowa sai ya matsa, har da Akawal, baƙin ingarman da yaran unguwa suke tsoron leƙawa ta kan katanga saboda shi. Sai Danda, goɗiya mai dabbare-dabbare, wadda ba ta rabuwa da Gunya. Da rana za ka gan su sun tsaya kai da gindi, kowace tana kore wa 'yar'uwarta ƙuda daga fuska da wutsiya, ko kuma suna sosa wa juna doro da haƙora. Ƙaraminsu Auta, ɗan da Gunya ta haifa bayan an cire rai za ta sake haihuwa, ja mai farin goshi. In zafin rana ya kwantar da su, ba sa kwanciya duka. Dole ɗaya ya tsaya a tsaye yana kallon ƙofa.

Ranar Juma'a da sassafe Isyaku yakan fita da su ɗan filin da ya rage a bayan ganuwa su ci ciyawa. Ragamar Gunya kaɗai yake riƙewa. Danda tana bin ta, Auta yana tsakiya, Akawal a baya yana waige-waige. Haka suke ratsa lunguna, masu adaidaita sahu suna tsayawa su ba su hanya.

Mutum ɗaya ne ban da Isyaku yake shiga kangon nan Gunya ba ta ɗaga masa ƙafa ba, shi ne Gwadabe. Gwadabe dillali ne a kara, kasuwar dabbobi, gajere mai ƙiba, mai yawan raha, wanda in ya fara ba da labari a teburin Ado mai shayi sai shayin kowa ya huce. Tare suka taso da Isyaku, rana ɗaya aka yi musu kaciya, kuma shi ya yi masa abokin ango lokacin da ya auri Zinariya. Duk sanda zai shiga kangon sai ya riƙo wa Gunya guntun rake. Isyaku da kansa ya koya masa ɗan fiton da yake kiran ta da shi, ya kuma koya masa cewa in kana son garke ya bi ka, ba sai ka kama kowa ba, ka kama babbar kawai.

Wata safiya da bazara, Isyaku ya sunkuya zai ɗaga damin harawa, sai ƙafarsa ta hagu ta ƙi ɗaukarsa. Ya faɗi a gaban rumfa bakinsa ya karkace. Aka kai shi asibiti, aka ce hawan jini ne ya shanye masa ɓarin jiki. Da aka dawo da shi gida, kwance yake sai an juya shi, magana ma da ƙyar ake gane ta. 'Yarsu guda, Jamila, malamar makaranta ce tana aure a Ƙofar Ɗan Agundi. Ita da mijinta suka ɗauki nauyin magani. Zinariya kuwa ga jinya, ga dawaki suna haniniya a bayan ɗaki tun asuba. Ta yi iya yinta, ta ɗebo musu ruwa, ta zuba musu harawa, amma Akawal ya taɓa ture ta har ta bugu da katanga.

Sai ga Gwadabe ya zo ya zauna a bakin katifar abokinsa.

"Isyaku, ka ga halin da baiwar Allahn nan take ciki. Ina da gonar nan a hanyar Bichi, ga damina ta kusa, ciyawa za ta kai har gwiwa. Bari in kai su can su sha iska. Ranar da ka miƙe da ƙafarka, ni da kai za mu je mu taho da su."

Isyaku ya kama hannun Gwadabe da hannunsa mai lafiya, ya tattaro maganar da ƙyar.

"Kada... a raba su."

"Haba Isyaku! Ni za ka gaya wa? Amana ce. Wallahi ko kaina zan rasa, ba za a raba su ba."

Washegari Isyaku yana kwance ya ji ɗan fiton nan ta bayan katanga, ya ji takun kofato yana fita ɗaya bayan ɗaya, na Akawal a ƙarshe. Hawaye suka gangaro masa, amma zuciyarsa a kwance take.

Jinya ta yi tsawo. Damina ta zo ta wuce, rani ya shiga. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci Gwadabe yakan zo da kankana ko lemo, da labari cike da baki. Gunya ta yi ƙiba har ba ka ganin haƙarƙarinta. Akawal ya kori wani jakin maƙwabta har cikin rafi. Auta ya yi tsawo. Wata rana ma ya shigo yana tafa hannu ya ce Danda ta ɗauki ciki. Isyaku ya yi dariyar da bai yi ba tun da ya kwanta. In ya ce a ɗauko masa hotonsu, sai Gwadabe ya ciro tsohuwar wayarsa ya nuna masa. "Wannan rakani-masallacin? Ai ko kira da ƙyar take yi."

A cikin wannan rani Gwadabe ya aurar da 'yarsa Hadiza, bikin da unguwa ta daɗe tana zancen kayan ɗakinsa. Aka aiko wa mara lafiya alkaki da dubulan a kwano mai murfi. Isyaku ya ci, ya sa wa amarya albarka, ya ce da Zinariya, "Allah ya rufa wa Gwadabe asiri kamar yadda ya rufa mana." Zinariya ta ce amin tana kallon ƙasa, ta tashi ta fita.

Don ɗebe masa kewa, Jamila takan buɗe masa waya ta nuna masa dawakin daji na wata ƙasa mai nisa, waɗanda ba su taɓa sanin linzami ba. Turanci ake yi a ciki, shi kuwa bai damu da fassara ba.

"Ga Gunyarsu can," in ji shi, yana nuni da yatsa. "Duba, ita za ta fara taka ruwan. Wancan na baya shi ne mijin. Ai ba shi yake jan tafiya ba, gadi yake yi."

"To Baba, waɗancan da suka ware gefe fa?"

"Samari ne. Uban ya kore su da suka balaga, sai su haɗa nasu garken har kowa ya samu mata. Ko a daji, kin gani, ba wanda yake yarda ya zauna shi kaɗai."

Son ganin dawakin nan shi ya tashe shi. Ya fara da dafa bango, ya koma dogara sanda, daga ɗaki zuwa tsakar gida, daga tsakar gida zuwa zaure. In ƙafar ta gaji yana so ya bari, sai ya tuna Danda ta kusa haihuwa, ya sake miƙewa. Sau da yawa yakan ce da Gwadabe su ɗauki shatar adaidaita sahu su je, Gwadabe ya ce hanyar ta lalace, girgiza za ta mayar masa da ciwo baya, ya bari sai ya ƙara ƙarfi.

Wata Asabar bayan la'asar yana zaune a zaure, sai ya ji hayaniyar samari da kiɗa. Wasu ne suka ɗauko hayar dawaki suna raka abokinsu ango, suka biyo ta lungun. Bai ko ɗaga kai ba. Can sai ya ji wata haniniya, doguwa mai karyewa a ƙarshe, daidai ƙofar kangonsa. Ya lalubi sanda ya fito.

Wani jan doki ne ya kafe a ƙofar kangon ya ƙi gaba ya ƙi baya. Saurayin da ke kansa yana ta zabga masa bulala yana fizgar linzami, bakin dokin yana kumfa da jini-jini. Ya rame, an aske masa geza, amma farin goshin nan yana nan. Isyaku ya yi fito. Dokin ya juyo da ƙarfi har ya kusa kayar da mahayinsa, ya zo ya cusa hancinsa a ƙirjin tsohon.

"Baba, matsa kada ya taka ka!"

"Yaro, dokin wa ne wannan?"

"Na maigidanmu ne, mai ba da haya. Tun bara kafin ruwa ya sauka ya saye shi a kara."

"A hannun wa?"

"Wani dillali ne gajere, wai shi Gwadabe."

Abokan saurayin suka taru suka ja dokin da ƙyar. Yana tafiya yana waiwaye yana kuka har suka sha kwana.

Isyaku bai koma gida ba. Ya ja ƙafarsa har teburin Ado mai shayi, inda dattawan lungun suke zama, wurin da rabonsa da shi tun kafin ya kwanta. Suna ganinsa suka tashi da murna, ana ta barka da fitowa. Bai zauna ba.

"Yanzu na ga Auta a ƙarƙashin wani yaro. Ina sauran?"

Wannan ya hau gyaran hula, wancan ya dubi kofinsa. A nan Isyaku ya gane babu wanda labarin ya zo wa a sabo.

Ado ne ya ajiye buta, ya ce, "Baba Isyaku, zauna don Allah."

"A tsaye zan ji."

Ado ya gaya masa. Gonar hanyar Bichi an daɗe da yanka ta filaye an sayar, tun kafin ciwon ya same shi. Daga kango kara aka wuce da dawakin kai tsaye. Akawal wani mai kuɗi ya saye shi ya tsallaka da shi Nijar. Auta ya faɗa hannun mai haya. Goɗiyoyin kuwa ba a samu mai son su a birni ba, sai masu lodin dabbobi zuwa kudu, inda ake yanka su.

"Ka gani da idonka?"

"Na je sayen ragon suna a ranar, Baba." Ado ya ci gaba, "Danda ce ta ƙi hawa motar, ta yi ta tirjiya, ƙarti suka kasa ta. Sai Gwadabe ya ce su bari, ya san yadda za a yi. Ya ɗauko rake ya hau cikin motar ya yi fito. Tsohuwar ta bi shi da ƙafarta. Tana shiga, Danda ta bi bayanta ba wanda ya taɓa ta. Shi kuma ya diro ta gefe aka rufe."

Da duka aka yi wa Gunya ta hau, da ya fi wa Isyaku sauƙi. Ya dubi fuskokin nan ɗaya bayan ɗaya, mutanen da suka yi ta zuwa duba shi, suna zaune Gwadabe yana ba da labarin Akawal da jaki, har suna taya shi dariya.

"Ku duka?" ya ce.

Wani dattijo ya ce, "Lafiyarka muka duba, Malam Isyaku. An ce ɓacin rai zai iya kashe ka."

Ya juya ya tafi, sandarsa tana ƙwanƙwasa ƙasa.

A tsakar gida ya tarar da Zinariya tana tankaɗe. Kallo ɗaya ta yi masa ta ajiye rariya.

"Tun yaushe kika sani?"

"Malam..."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin bikin Hadiza. Matar Ado ce ta gaya mini." Ta fashe da kuka. "Na je har gidansa na zage shi tas, wallahi na zage shi. Ya ce in na faɗa maka ka mutu, alhakinka a wuyana. Kullum da sunansu kake tashi, Malam. Da sunansu ka koyi tafiya. Ta ina zan fara?"

"Kika bar ni na ci alkakin."

Ya tambaya ko Jamila ta sani, ta girgiza kai. Wannan kaɗai ya ɗan sanyaya masa rai. Ya shiga ɗaki ya ja labule, kuma an daɗe a gidan nan ba a ji wata magana tsakaninsu ba ban da gaisuwa da "ga abinci".

Da hantsi washegari ya je gidan Gwadabe. Ya same shi a zaure yana karin kumallo da waina. Labari ya riga shi isa, don Gwadabe bai yi rahar da ya saba ba.

"Shigo mana, Isyaku."

"Nan ma ya isa. Danda ta haihu?"

Gwadabe ya ture kwanon gefe. "Ka saurare ni. Ranar da na gan ka a asibiti, wallahi ban zaci za ka tashi ba. Ba wanda ya zata. Ga bikin yarinya ya taso mini, ga gona babu. Na ce dabbobi ne, in ka rasu ma sayar da su za a yi. Na yi niyyar in na samu sarari in saya maka wasu."

"Wasu."

"To, da ka fara samun sauƙi kuma sai na rasa bakin faɗa. Kullum in zo da niyyar faɗa, in ga yadda kake murna..."

"Sai ka ƙara wa Danda ciki." Muryar Isyaku ba ta tashi ba. "Ba sayarwar na zo tambaya ba, Gwadabe. Da ka zo ka ce mini kana cikin matsi, ka san ni, da na ce ka ɗauki Akawal. Abu ɗaya na zo ji. Da ka yi wa Gunya fiton, ta zo, ka ba ta raken ko da shi ka diro?"

Gwadabe ya sunkuyar da kai yana murza yatsun ƙafarsa. Isyaku ya jira har ya tabbata babu amsa, sannan ya tafi.

Jamila da ta ji, ta ce sai an kai maganar kotu. Isyaku ya hana. Ya ce alƙali ba zai dawo da abin da aka riga aka yanka ba, shi kuma ba zai tsaya a gaban jama'a ana yi wa Gunya kuɗi ba. Mai unguwa ne ya tara dattawa, aka matsa wa Gwadabe lamba har ya je ya karɓo Auta daga hannun mai haya. Bai iya kawo shi da kansa ba, Ado ya jawo shi har ƙofar kango.

Isyaku ya zaci dawowar Auta za ta rage masa baƙin ciki. Sai ta ƙara. Dokin ya shiga kangon ya bi kowane lungu yana shinshina, ya tsaya inda Gunya take tsayawa, ya ɗaga kai ya yi kira. Ba amsa. Daga ranar ya kama zirga-zirga a jikin katanga har ya yi hanya a ƙasa. Ciwon bakinsa ya warke, amma harawa sai ya taɓa ya bari. Ba ya yarda ya kwanta, don babu mai tsaya masa. Isyaku ya sayo tunkiya ya saka masa, suka ɗan saba, amma ko motsin kofato ya ji a titi sai ya ruga ƙofa yana kuka. Tsohon yakan zauna a kan turmi yana kallonsa, ya ga abin da ya yi shekaru yana yi wa masu turke faɗa a kai, ga shi yau a kangonsa.

Mijin Jamila yana da wani kawu, Malam Haruna, manomi a wani ƙauye gaba da Bichi, wanda yake da goɗiyoyi yana sakinsu a fadama bayan girbi. Isyaku ya sa aka yi masa magana. Malam Haruna ya ce a kawo, amma ya tambaya ko sayarwa za a yi.

"Ba na sayarwa," in ji Isyaku. "Kyauta na ba shi. Sharaɗina kada a ɗaure shi shi kaɗai."

Da kansa ya raka shi a bayan motar akori-kura, yana riƙe da ragama duk tsawon hanya. A bakin fadama ya zare ragamar. Auta ya hango goɗiyoyin, jikinsa ya hau rawa, ya tafi da gudu. Babbarsu, wata baƙa mai tabo a wuya, ta tare shi da kunnuwa a kwance, ta juya ta sakar masa harbi a ƙirji. Malam Haruna ya ɗaga sanda zai shiga tsakani.

"Ƙyale su, Malam. Gaya masa take yi gidan yana da babba."

Auta ya ja baya ya tsaya nesa, ya sunkuyar da kai yana motsa baki kamar ɗan duƙushi. Duk inda garken ya matsa sai ya matsa, bai yi kusa ba bai yi nisa ba. Isyaku ya kwana biyu a ƙauyen yana fita kallonsu. Kafin ya taho, ya ga wata 'yar budurwar goɗiya ta ware ta zo ta shinshini wuyan Auta, ta kafa masa haƙora a doro tana sosawa. Auta ya yi jim, sannan ya mayar mata. Da rana ta take, ya kwanta a ƙasa ya miƙe ƙafafu, baƙar tana tsaye a kansu. Isyaku bai yi fito ba. Ya juya ya nufi bakin titi.

Da ya dawo, Zinariya ta kawo masa ruwa ta tsaya riƙe da kofin.

"Ya ci abinci a can?" ta tambaya a hankali.

"Ya ci. Har ya yi barci." Ya karɓi ruwan ya sha. "Zauna mana, kin tsaya a kaina."

Ta zauna. Daga nan magana ta fara dawowa gidan kaɗan-kaɗan, ko da yake bai sake cin alkaki ba, ita ma ba ta sake kawo shi ba.

Ya koma rumfarsa, yana zama a kujera, masu saye suna ɗaga damin da kansu. Teburin Ado kuwa ya daina zama. In ya wuce yakan yi sallama, su amsa, su ce ga wuri, ya ce yana sauri, alhali kowa yana ganin yadda yake jan ƙafa. Kangon ya ba wani maƙeri haya.

Ana saura kwanaki babbar salla, kasuwar harawa ta buɗe, sai ga Gwadabe a gaban rumfa. Ya faɗa, rigar ta yi masa yawa. Ya yi sallama, Isyaku ya amsa masa cikakkiya. Ya ce harawa yake so ta rago ɗaya, Isyaku ya nuna masa dami mai kyau da sanda. Gwadabe ya ɗauka ya rungume, amma bai tafi ba.

"Isyaku, har yanzu? Mun tsufa fa. Kada ɗayanmu ya mutu a haka."

"Abin da yake tsakanina da kai na haƙƙi, na bar wa Allah, ba zan tsaya da kai gobe ƙiyama ba. Ka je da wannan."

Fuskar Gwadabe ta ɗan saki. Ya gyara tsayuwa, tsohuwar muryarsa ta raha ta fara dawowa. "Alhamdu lillahi. Ka san kuwa jiya na tuna ranar da Gunya ta..."

"Kada ka sake kiran sunanta."

Gwadabe ya ɗan jima a tsaye da dami a ƙirji, ganye yana zubo masa a ƙafa, sannan ya juya ya bi lungu. Wata mata da ke jira a bayansa ta matso ta tambayi kuɗin kwanon dusa, Isyaku ya jawo buhu ya fara auna mata.